Tafkin da Ya Tafasa a Kan Teburina

Shugaban wannan ƙungiya tamu ta masu ƙera ƙananan garuruwa a kan allo, alƙalan gasa uku da kuka zauna a gaba da tabarau, 'yan'uwana masu sana'ar hantsaki da ciwon wuya, jama'ar da kuka zo kallo, har da mijina da ke can layi na biyu yana gyara hula, assalamu alaikum.

Na gode da kofin nan na ɗaya. Na gode da takardar da aka liƙa a jikin aikina, wadda ta raɗa masa suna Tafki Mai Aman Wuta. Na gode kuma da aka nemi in koya wa jama'a yadda na yi shi a zaman mako mai zuwa. Sai dai ina da bayani, kuma sai kun ji shi.

Ni kwantaccen tafki na nufa. Wata huɗu ina kansa: masunci ɗaya cikin kwalekwale, kifi goma sha biyu da na fenta da tsinken sakace. Ruwan kaɗai ya rage, wato rezin, ruwan roban nan da ake haɗawa da maganin daskarewa ya koma kamar gilashi.

Shekara goma sha ɗaya ina zuba rezin, kuma na san dokokinsa. Na farko, a shafe ƙasan tafkin tukuna, domin filasta da katako numfashi suke yi, su cika miki ruwa da kumfa. Na biyu, a auna da sikeli. Ido ba ma'auni ba ne, ko idon wane ne. Na uku, wanda ya fi duka, a zuba kaɗan-kaɗan, kaurin ɗan yatsa, a jira kwana guda, a ƙara. Rezin idan ya taru da yawa zafi yake ɗauka, kamar mutane.

Na yi zubi biyu, saura shida, sai na kai mahaifiyata asibiti da hantsi. Mijina, wanda ya yi shekara talatin yana aikin famfo, ya leƙa ɗakin aikina ya ga tafki ba a cike ba, abin ya tsaya masa a rai. Daga baya ya shaida mini cewa a duk rayuwarsa bai taɓa barin tanki a rabi ba. Ya juye galan biyun, na rezin da na maganin daskarewa, a bokitin wanki, ya juya da maburgina, ya tuttule gaba ɗaya.

Da tafkin ya fara hayaƙi, me kuke zato mai famfo zai yi? Ruwa ya kwara masa. Ruwa na gaske, jama'a, a cikin ruwan ƙarya!

Na dawo na tarar tafkin ya tsage gida uku, ya yi ja, ya yi kumfa, kifayena sun taso rigingine, masuncin ya narke hannuwansa a sama. Na tambayi mijina abin da ya faru, sai ya ce, "Maman yara, ai na rage miki aikin kwana shida."

Na ajiye abin a bakin ƙofa don a zubar. Shi ya ɗauko ya kawo muku da sunana.

Alƙalai, kun rubuta cewa tsoron da ke fuskar masuncin ya taɓa zukatanku. Ba shi da fuska. Ta narke. Shekara goma sha ɗaya ina kawo muku ruwa garau, wanda ake ƙirga duwatsun ƙasansa, ko na uku ba ku taɓa ba ni ba. Yau an ƙona mini aiki, kun miƙe kuna tafi.

To, ga hukuncina. Kofi dai na riƙe, domin kifayen nawa ne, wata huɗun ma nawa ne. Amma ba zan tsaya gaban masu koyo in ce da gangan na yi ba, ba kuma zan koya wa kowa ɓarna da sunana ba. Malaminku na mako mai zuwa ga shi can. Tun jiya yake gaya wa maƙwabta wai mun ci gasa. Baban yara, tashi su gan ka. Shugaba ya riga ya ce a ofishinsa za a yi darasin, a kan sabon teburinsa, ni kuwa ban ga dalilin hanawa ba.

Allah ya tsare ayyukanmu daga kumfa da tsagewa, ya tsare su daga masu son taimako. Allah ya ƙara wa alƙalanmu hasken ido, ya ba shugaba haƙurin abin da zai gani, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode, har cikin raina, duk da yana tafasa.