Jan Ƙwan Habboba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da ku masu sauraro. Sunana Nafisa, daga unguwar Mahjar a Jidda.

Ranar Juma'ar da ta wuce, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a falon kakarmu Habboba, kishi ya hana ni shan shayi.

Mu Hausawan Sudan ne. Kakan Habboba Bagirke ne mai kanti a Madani, ana ce masa Khawaja Yanni, wato Bature Yanni, ya musulunta ya auri Bahaushiya. Tun da na gama jami'a, wata bakwai ke nan ina bin asalinsa, ina tara abin da na samu a fayil. Wasiƙa goma sha ɗaya na aika ofisoshin adana tarihi, ba amsa.

Duk shekara Habboba kan dafa ƙwai da ɓawon albasa su yi jawur, mu riƙa gwara su. Na ce wannan ba hujja ba ce a kan asalin Yanni, ko rubutawa ban yi ba. Rukayya, 'yar kawuna, ita kuwa ta ɗauki bidiyo ta watsa, hoton Yanni yana bango. Sai ga wata tsohuwa da ta ga bidiyon ta kira daga Girka, ta ce al'adarsu ce, kuma tana da irin hoton.

A ranar Juma'ar nan, Habboba ta ciro hoton ta miƙa wa Rukayya, ta ce, "Halas, shi ke nan, ke za ki riƙe tarihinmu." Rukayya ta dube ni tana dariya: "Yalla, maza, 'yar boko, kawo fayil ɗinki!"

Har yanzu ba a san garin da aka haifi Yanni ba, da shekarar da ya shiga Sudan, da inda kabarinsa yake. Ni ma ban san ko zan ba ta fayil ɗin ba. Ku ba ni shawara.