Malam Mas'ud da Fil Ɗin da Munka Kira Jabu

Da sunan Allah nike farawa, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Wakilan iyayenmu sarakuna, ranku shi daɗe. Malamanmu da limamanmu, Allah shi gafarta maku. Shugabannin manoma da kunka taso daga Bakura da Maradun da Jangebe, sannunku da hanya. Kanikawa abokan sana'ar marigayi, sannunku da haƙuri. Hajiya Taiba, uwargidan marigayi, da sauran iyaye mata da ke jinmu ta lasifika daga cikin gida, da Ishaq da Nusaiba, 'ya'yan marigayi, assalamu alaikum.

Sunana Shafi'u Morai, ni ke riƙe da ƙungiyarmu ta manoman shinkafa. An zaɓe ni in yi magana a kan Malam Mas'ud Jatau, kwana arba'in bayan rasuwarsa. Waɗanda sunka zaɓe ni sun ce na fi kowa daɗewa da shi. Gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalili da ya sa na karɓa, kuma zan faɗe shi kafin in zauna.

Ya kasance bakanike shekara talatin da wani abu a nan Talata Mafara. Injin ban-ruwa, injin niƙa, injin casa, babu wanda bai buɗe cikinsa ba. Ya kasance mutum mai sauraron inji kafin ya taɓa shi. Ka kawo masa kana kumfar baki, ya ce, "Tada shi in ji." Ya karkata kai, ya lumshe ido, kai kana ta bayani shi ko kallonka ba ya yi. Ya kasance mai taurin kai, Allah shi jiƙan shi, wannan ba zan ɓoye ba. In ya ce ƙarfe kaza ba zai yi ba, ko hakimi ne kai sai dai ka kai wani wuri.

Ku da ba ku san cikin injin casa ba, akwai wani ɗan fil da ke riƙe fuli, wato faifan ƙarfen nan da bel ke ja, a jikin sandar da ke juyawa. Bai kai ɗan yatsa ba. Ƙarfe ne anka naɗe kamar tabarma, in an buga shi cikin rami sai ya matse, ya riƙe gam. Mu manoma in ya karye ƙusa muke cusawa mu lanƙwasa kanta, mu ci gaba da aiki. Malam Mas'ud ya tsani wagga ɗabi'a. Yakan ce, "Ƙusa ba ta da numfashi. Inji shina dukan ta, ita tana dukan ramin, har ramin shi buɗe baki. Naɗaɗɗe kuwa shina shanye duka."

Shekara shida da sunka wuce ƙungiyarmu ta sayi babban injin casa, wanda ke zagayawa tsakanin Mafara da Bakura da Maradun. Da yake shinkafa da danshi take zuwa, fil ɗinsa tsatsa ke cinye shi. Munka yanke shawara a sa na silba, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, munka ɗora wa Malam Mas'ud nemowa. Ya tafi ya kawo.

To, kun san mu. Ko tsohuwa ta je sayen kwano ta san gwajin silba: a kara masa mayen ƙarfe, in ya kama jabu ne. Ranar taro, gaban mutum ya fi sittin, na ciro mayen ƙarfe na tsohuwar sifika daga aljihu. Na kusanta shi, fil ya yi tsalle ya manne. Wuri ya kaure da dariya. Na ɗaga shi sama na ce, "Malam, jabu ka kawo muna."

Bai yi fushi ba, bayani ya yi. Ya ce, "Alhaji, silba iri biyu ce. Akwai wadda maye ba shi kamawa, ta fi ƙin tsatsa, ita ce ta kwano da wurin da ke zaune lafiya. Amma in ana dukan ta ba hutawa sai ta ƙage ta tsage. Wagga kuwa an gasa ta an ƙarfafa, maye shina kama ta, ita ka jure bugu. Injin casa ba kwano ba ne."

Babu wanda ya saurara, ni ne kan gaba. Munka karɓe aikin daga hannunsa, munka aika aka nemo wanda maye ba ya kamawa, munka gwada shi gaban kowa, munka yi kabbara.

Kwana tara sabon fil ɗin ya yi. Tsakiyar girbi, a wata gona kusa da Bakura, fil ya tsage, fuli ya kwance ya yi jifa, Allah ya kiyaye bai sami kowa ba. Shinkafar gidaje arba'in na zube a ƙasa, tsuntsaye na biki. Ba mu kira Malam Mas'ud ba, kunya ta hana. Labari ya ji, ya hau babur da rana tsaka ya zo. Ya gyara ramin da ya lalace, ya ciro fil ɗin nan nasa da munka ƙi, ya buga. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku tada shi in ji." Wannan fil girbi uku ya yi kafin ya canza shi, shi ma don ganin dama.

Jama'a, ga inda nike son ku buɗe kunne. Mutum sittin sunka ji na ce jabu. Waɗanda sunka ga gyaran ba su kai goma ba. Sunan ya bi shi. Har yau in baƙo ya tambayi garejinsa a tasha, "garejin Mai Jabu" ake kwatanta masa, da wasa da dariya. Na san manoman da sunka riƙa wuce ƙofarsa su kai inji Gusau saboda wannan suna. Ni kuwa me na yi? Na tsawaita gaisuwa in mun haɗu. Na aika masa da shinkafa kowace kaka. Kalma ɗaya da ta kamata in faɗa gaban mutane, girman kai ya riƙe mini ita shekara shida.

Makon jiya na je gaida Hajiya Taiba. Daga bayan labule na tambaye ta ko marigayi ya tafi da ni a zuciya. Ta ce, "Alhaji, bai riƙe ka ba. Abin da yakan ce shi ne, Shafi'u ya sani, na gani ga idonai. Mutane ne ba su sani ba." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu Ishaq ne a garejin, da hannun ubansa da kunnen ubansa, kuma sunan nan ya fara binsa. Don haka ku ji daga bakin da ya fara faɗa. Malam Mas'ud Jatau bai taɓa kawo muna jabu ba. Shi ya san ƙarfe, ni ne jahili, kuma na ɓata masa suna a kan abin da ban sani ba. Wanda zai buga wanga jawabi a takarda, kada ya cire wannan wuri. Mutanen Bakura, ku kai gida. Mutanen Maradun, ku faɗa ranar kasuwa. Daga yau wanda ya sake kiran wancan suna, shi da Allah.

Hajiya Taiba, Ishaq, Nusaiba, shi ya tafi inda ba ni iya sallama a ƙofarsa. Ku nike roƙo, ku yafe mini.

Muna godiya ga duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah shi gafarta wa Malam Mas'ud, shi yalwata kabarinsa, shi sa haƙurin da ya yi da mu ya zame masa haske. Allah shi ba iyalinsa dangana, shi sa albarka a hannun Ishaq. Mu kuma Allah shi ba mu ikon gyara abin da bakinmu ya ɓata tun masu shi suna da rai. Allah shi maida kowa gida lafiya. Amin.