Dutse Ya Sa Hula

Nunzia: Alo, Baba? An tashi lafiya?

Sabato: Lafiya lau, 'yar Baba. Ya teku? Ya jirgina?

Nunzia: Yana nan yadda ka ba ni shi. Ya Mama?

Sabato: Tana lambu tana tsinkar lemo. Ya baƙin naki masu yawon buɗe ido?

Nunzia: Sun gode. Na zaga da su ta garin Positano, sun ɗauki hoton gidajen kan tudu har sun gaji. Ya gwiwar?

Sabato: Tun safe take sara na. Shi ya sa ban… Tsaya. Ƙarar me nake ji? Kina ina?

Nunzia: Bakin kogon tantabaru.

Sabato: Bakin ina? Layin yana yankewa!

Nunzia: Kogon tantabaru!

Sabato: Yau? Ɗaga kanki ki dubi dutsen da ke saman ƙauyenmu. Me kika gani?

Nunzia: Ɗan gajimare ne ya zauna a kansa.

Sabato: Dutse ya sa hula, ke kina bakin kogo! Iskar kudu ce tafe. Masunta duk sun ja jiragensu kan tsakuwa tun ɗazu!

Nunzia: Waya ta nuna iskar sai yamma za ta taso…

Sabato: Waya ta taɓa kamun kifi? Juya jirgin!

Nunzia: Baba, ba zan iya ba. Biyu daga cikin baƙin sun yi iyo sun shiga. Mata da miji, dattawa. Ruwa ya fara taɓa rufin ƙofar kogon, sun kasa fitowa.

Sabato: Wayyo Uwa Maryamu! Kin jefa anga, ƙarfen tsayar da jirgin?

Nunzia: Na jefa.

Sabato: To saurara. Shiga ƙaramin kwalekwale, ke kaɗai. Igiyar ruwan nan uku-uku take zuwa. In ta ukun ta wuce, ruwa yakan lafa kamar tsawon numfashi goma. Akwai sarƙa a jikin dutsen, ta hannun dama.

Nunzia: Hagu?

Sabato: Dama! Kakanki ya kafa ta. Ki ajiye filafili, ki kwanta rigingine, ki ja sarƙar. Su ma in kin ɗauko su, ki kwantar da su. Wanda ya ɗaga kai, danne shi!

Nunzia: Na sauka. Wayar na aljihuna, yi magana da ƙarfi. Ɗaya… biyu… Baba, wannan babba ce!

Sabato: Bar ta ta wuce!

Nunzia: Uku!

Sabato: Shiga! Yanzu!… Nunzia? Alo? Ba na jin komai sai ruwa. Ki ƙirga kafin ki fito, kin ji? Kada ki yi sauri… Ni na ba ki jirgin nan, ni na ce kin iya… Nunzia! Amsa mini mana!

Nunzia: …Baba.

Sabato: Na'am! Na'am!

Nunzia: Mun fito. Duka ukunmu. Mijin ya ɗaga kai, na danne shi da gwiwa. Tabaransa kawai teku ta ci.

Sabato: Ta ci lafiya! Ɗaga anga ki nufo gida, ki bi gefen tudu. Kuma kada uwarki ta ji wannan maganar.

Nunzia: To, Baba.

Sabato: Af. Ga ta a bayana da kwandon lemo. Carmela, tsaya in yi miki baya… ba ni wayar, Carme…