Mai Shara Ta Yi Ritaya

A ɗakin jira na wani ƙaramin asibiti a Gidan Igwai, wani Alhaji ya ɗaga ƙafa don wata dattijuwa ta share ƙarƙashin benci.

"Ke, mai shara, likita ya iso?"

"Ya kusa, Alhaji. Amma sunana Atika. Mai shara ta yi ritaya."

"Ikon Allah! Ga tsintsiya kuwa a hannunki."

"Tsintsiya tana nan, sunan ne anka kora. Aikin Sista Rifkatu ne, shugabar ma'aikatan jinya, 'yar Zuru. Ran da ta fara cewa 'Inna Atika', wallahi waiwayawa na yi in ga da wa take."

"Kirista ce ke nan?"

"Awo. Na ce mata, mi ya kai ki wahalar haddace sunayenmu? Ta ce a cocinsu an koya musu makiyayin kirki kowace tunkiya da sunanta yake kiranta."

Alhaji ya tuntsire da dariya. "Au, tunkiya ta maishe ki?"

"Ta ce ita ma tunkiya ce. Har likita. Garke guda muke."

"To, ai mu ma mun san wannan. Allah ya karrama ɗan Adam. Kullum ina faɗa wa mutane."

"Madalla. Akwai mai gadi gidanka, Alhaji?"

"Shekara da shekaru. Mutumin kirki ne."

"Mi ne sunanai?"

Alhaji ya gyara zaman hularsa.

"Ɗaga ɗayar ƙafar," in ji Atika. "In ka koma gida ka tambaye shi. Ba ya cizo."