Fizgar da Yaya Ya Goge

YAYA: Salamu alaikum, Malamar lissafi!

ƘANWA: Wa'alaikumus salam, Yaya. Ina wuni? Ya aiki?

YAYA: Alhamdu lillahi. Ya maigidan? Ya ɗaliban naki?

ƘANWA: Suna nan suna cinye min rai. Ya Umma da ƙafa?

YAYA: Da sauƙi. Halo? Bari in matsa, ƙarar injin ɗaga kayan nan ta cika min kunne. Yauwa. Godiya na kira in yi. Oga ya ji daɗin lissafinki, da kika ce hannun injin zai kai baɗi kafin ƙarfen ya gaji.

ƘANWA: Ai awon da ka turo ne ya yi kyau. Har na yi mamakin yadda ya kwanta lumui.

YAYA: To ai sai da na gyara miki shi.

ƘANWA: Ka me?

YAYA: Na share miki dattin. Kin san wani lokaci kaya kan kufce ya fizgi hannun, sai na'urar awo ta yi tsalle sama. Duk na goge waɗannan, kada ki ce yayanki bai iya aiki ba.

ƘANWA: Inna lillahi! Yaya, wa ya aike ka?

YAYA: Ke, yi a hankali, ni ba ɗalibinki ba ne. Ba ke kika ce in abu ya yi yawa, ɗaya-ɗaya ba ya canza komai ba?

ƘANWA: Cewa na yi fizga ɗaya ba mai sanin girmanta, amma in dubbai suka taru, jimillarsu tana bin ƙa'ida, har a iya hasashe. Dukkansu fa! Ba waɗanda suka yi maka kyau a ido ba!

YAYA: 'Yan ƙalilan ne fa.

ƘANWA: Su ne masu ɓarnar! Fizga mai ƙarfi guda ta fi ƙanana ɗari cin ƙarfe. Ka tuna cokalin Umma da kake lanƙwasawa muna yara? Ranar da ya karye, wani ƙarfi ka sa?

YAYA: Wannan cokali, wannan inji. Jiya ma ya ɗaga kaya mafi nauyi, ko gezau.

ƘANWA: Haka cokalin ya yi ana gobe zai karye! Wallahi raina ya ɓaci. Na sa hannu a kan ƙarya ban sani ba. Akwai tsaga a gindin hannun?

YAYA: Wata 'yar siririya ce, mun shafe ta da fenti.

ƘANWA: Fenti! Halo? Fenti ka ce?

YAYA: Layin ne ke...

ƘANWA: Layi lafiyarsa lau. Wa ke kan injin yanzu?

YAYA: Auta.

ƘANWA: Autanmu? Ka sauko da shi!

YAYA: Haba, ana tsakiyar lodi, motoci sun yi layi, ga Oga tsaye. Me zan ce masa?

ƘANWA: Bar ta Oga. Fara shirya abin da za ka ce wa Umma.

YAYA: Tsaya, kada ki kashe.

ƘANWA: Yaya? Kana ji na?

YAYA: Auta! Kai Auta! Ajiye kayan nan a hankali! A hankali na ce! Ku matsa daga ƙarƙashi, ku mats...