Dokar Seu Anacleto da Farantin Farko

Mai girma Fada Gervásio, wanda ya jagoranci addu'ar kwana bakwai da safiyar nan. Mai girma Dona Iracilda, wakiliyar magajin gari. Shugabanni da membobin Ƙungiyar Makiyayan Lagoa Funda. Dona Zuleide, matar marigayi, da 'yarsu Marlene da ta kwana biyu a mota daga São Paulo. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku, kowa bisa matsayinsa.

Ni ne Valdomiro Paixão, sakataren ƙungiya. Wannan jawabi da hannuna na rubuta shi, shafi uku, babu wanda ya riƙe mini alƙalami. Shekara biyu da suka wuce dangwala yatsa nake yi. Marigayi ne ya ɗaga takardata a gaban taro, ya ce, "Ku duba, ko alade ya taka tawada zai yi mini wannan." Kuka yi dariya, na ji muryar kowa. Washegari na shiga ajin yaƙi da jahilci. Saboda haka idan na yi magana a kan Seu Anacleto Bezerra, na san abin da nake faɗa.

Ya kasance malaminmu na kiwo shekara ashirin da shida. Ya same mu kajinmu na kwana a kan bishiya, aladunmu na yawo a bayan coci. Ya koya mana rigakafi, da awon abinci, da wanke takalmi kafin shiga akurki. Da ruwan sama ya ƙi zuwa shekara uku a jere, shi ya kawo mana jimina, tsuntsuwar da ba ta damu da fari ba. Ya koya mana rufe mata kai da safa domin ta natsu. Ya ce idan bakin namiji da ƙwaurinsa suka yi ja, lokacin barbara ya zo, kada wanda ya shiga wurinsa ba gwafa a hannu, domin shurinsa ɗaya yana farke cikin mutum.

Ya kasance mutum mai doka, kuma ba ya duban fuska. Dokarsa babba kowa a nan ya haddace ta: dabbar da ta zubar da jinin mutum ba ta kwana, kuma mai ita ne zai ci farantin farko a gaban jama'a.

A kaina aka fara. Ina da uwar aladu guda ɗaya, da ciki tsoho. Ta ciji matata Creuza a hannu, ciwon da ɗinki huɗu ya rufe. Kafin rana ta yi tsaka sai ga Seu Anacleto da wuƙa.

Creuza ta ce, "Seu Anacleto, ni aka ciza, kuma na yafe. Sati biyu ya rage ta haihu."

Ya ce, "Dona Creuza, ke kin yafe, ita ta yafe miki? Ko ta rubuto miki takardar ban haƙuri?"

'Ya'ya goma sha ɗaya muka ƙirga a cikinta. Ya zuba mini nama a kan wake da garin rogo, ya tsaya a kaina. "Tauna, Valdomiro, kada ka haɗiye da sauri. Da haƙori ake koyon darasi." A shekarar nan na bar gida wata bakwai ina saran rake a gonar wasu. Ban riƙe shi a zuciya ba. Na gode masa a lokacin, ina gode masa yau.

Ya kasance yana cewa kada a raɗa wa abin kiwo suna, kada a shigar da shi ɗaki. Dona Zuleide, ki gafarce ni, amma a gaban hotonsa ba zan rage gaskiya ba. Ɗan tsakon jiminar nan da ya fito da ƙafa a karkace, wanda mijinki ya ce a jefa wa karnuka, ke kika ɓoye shi a kicin. Kika ɗaure masa ƙafa da tsumma, kika ba shi abinci a tafin hannu, kika kira shi Tico. Ya girma bai san tsoron mutum ba. Ranar Talatar da ta wuce malaminmu ya shiga wurin Tico gyara kwamin ruwa, gwafarsa na jingine a waje, domin shekara shida yana jin kina cewa Tico ba ya taɓa kowa. Sauran kun sani. Mu huɗu muka ɗauko gawar malam a kan ƙyauren ƙofa.

Ranar Alhamis kika zo ofishin ƙungiya, kika tsaya a gaban teburina.

Kika ce, "Valdomiro, don girman Allah. Tico kaɗai ne namijin jimina a duk yankin nan. In babu shi, matan jiminun nan nawa uku ƙwan banza za su riƙa yi. Sabon namiji sai ya shekara huɗu kafin ya kama aiki, ni kuwa shekarata sittin da bakwai. Marlene za ta kwashe ni zuwa bene hawa tara, in mutu ina kallon motoci ta taga."

Na ce, "Dona Zuleide, ba ni na kafa dokar ba."

Kika ce, "Wanda ya kafa ta yana cikin ƙasa."

Na ce, "Shi ya sa ta ƙara nauyi."

Mun zauna, mun yi ƙuri'a, na rubuta sakamakon da hannuna: goma sha tara suka ce a yanka, biyu suka ce a bari. Duk goma sha taran nan babu wanda bai taɓa cin farantin farko ba, ko shi ko ubansa. Doka ta ce dabbar ba ta kwana. Mun yi miki alfarmar kwana shida, abin da ba a yi wa kowa ba. Da kina coci da safe, mutanenmu suka shiga gonar. An rufe wa Tico kai da safa yadda malam ya koyar, bai sha wahala sosai ba. Ƙanshin da kuke ji daga bayan zauren nan, nasa ne.

Dona Zuleide, kada ki ɗauka ƙiyayya ce. Da mun bar tsuntsun nan, da mun nuna cewa shekara ashirin da shida mijinki zaluntar mu yake yi kawai. Mu ba mu yarda a faɗi haka a kansa ba. Marlene, ki riƙe mahaifiyarki, kada ta tashi. Matan jiminun uku, ƙungiya za ta nema musu wuri, ba sai kun damu ba. An ce motar São Paulo tana tashi ranar Juma'a da ƙarfe tara.

Muna godiya ga Fada, da ofishin magajin gari da ya aro mana kujeru, da matan da suka tsaya a bakin wuta tun safe. Ubangiji Ya karɓi bawansa Anacleto, Ya ba shi hutu na har abada, Ya haskaka masa da hasken da ba ya mutuwa, Ya ba mu ƙarfin riƙe abin da ya bar mana ba tare da mun rage ko ɗaya ba. Amin.

Kada kowa ya taɓa abinci tukuna. Creuza, kawo wa Dona Zuleide farantinta. Za mu jira.