Kada a Sallami Mai Tabarau

Mai girma Shugaban Ƙungiyar 'Yan Fanshon Reluwe ta Nakuru, Bwana Kiprono. Sakatariyarmu Mama Nyokabi, wadda ko tari mutum ya yi sai ya shiga takardarta. Tsofaffin direbobi da masu duba tikiti. Masu ɗaga tuta da masu kaɗa ƙararrawa. Matanmu da suka jure mu muna aiki, suke kuma jure mu muna zaune. Da ku na can baya da kuka zo don fanken mandazi kawai, na gan ku, ku ma ina gaishe ku.

Ina godiya ga Shugaba da ya ba ni minti biyar. Shekara talatin da ɗaya na yi ina shugaban tasha, kowa ya san abin da minti biyar ke nufi a bakin ɗan reluwe. Ku gyara zama. Ina kuma godiya ga 'yarsa da ta aiko mana daga Nairobi da sabuwar na'ura, ɗauke da sabon wasan labaran ɗan binciken nan da muke kira Mai Tabarau. Labaran su ne dai na littattafan da, 'yan wasan ne sababbi. Shawarar da za mu kaɗa wa ƙuri'a yau ita ce, daga Asabar mai zuwa a kai tsofaffin kaset ashirin da shida sito, a koma kallon sabon. Na ƙirga fuskoki, na san ni ne a ƙasa. Duk da haka zan yi magana.

Na farko, tsohon wasan yana tafiya a tafiyarmu. Mai Tabarau na da, in ya shigo gidan da aka yi kisa, sai ya cire hula, ya rataye kwat, ya goge tabarau, ya tambayi lafiyar kuku, sannan ya waiwayi gawa. Ya san ba inda za ta je. A wannan tsakanin dattijo kan fita bayan gida, ya dawo, ya tarar ba abin da ya wuce shi. Ba na son kiran suna, amma a ɗakin nan akwai masu fita sau uku kafin a kama mai laifi. Sabon kuwa, mun gwada shi makon jiya. Mzee Wekesa ya sunkuya ɗaukar sandarsa, kafin ya ɗago an kashe mutum biyu, an ƙona jirgin ruwa. Ya ce da ni, "Kai, tsoho, wa ya mutu?" Na ce, "Ni ma atishawa na yi." Sannu ba ta hana zuwa, jama'a. Mu da muka kai mutane Kisumu a makare, ai mun kai su.

Na biyu, a tsohon wasan ana kunna fitila, ana kuma buɗe baki. Ka ga fuskar likita, ka ga ta bazawara, ka ga wanda hannunsa ke rawa a kan kofin shayi. A sabon, kowa raɗa yake yi cikin duhu, kamar masu gulmar maƙwabci. Mama Akinyi ta miƙe ta goge gilashin akwatin talabijin da gefen zanenta, tana zaton ƙura ce. Aka ce mata, "Mama, haka suka yi shi." Ta ce, "Da gangan? To, su da suka ƙirƙiro lantarki, su ma ana ɗauke musu?"

Na uku, kuma shi ne babba, tsohon wasan yana da amana. Duk abin da Mai Tabarau ya gani, sai an nuna mana: laka a takalmi, agogon da ya tsaya, wasiƙar da aka ninke sau biyu. Ba ya gudu, ba ya dambe, kansa yake sa wa aiki, ya bar mu mu sa namu. A kan haka al'adarmu ta tsaya. Da zarar ya tara mutanen gida a falo, sai in danna maɓalli, hoto ya tsaya, kowa ya rubuta sunan wanda yake zargi ya jefa a hular gadin jirgi. Waɗanda suka faɗi su wanke kofuna. To, a sabon wasan a ina zan danna? Wannan saurayin da suka ba tabarau, minti goma bai yi ba ya cire su, ya cire riga, ya haye rufin ɗaki. Mai laifin ma ba gano shi ya yi ba, faɗowa ya yi a kansa.

Shugaba ya ce mun ga tsofaffin sau ba adadi, ba sauran abin mamaki. Ranka ya daɗe, dubi Mzee Obura. Shekara goma sha tara yana wanke kofi. Kowane mako bazawara yake zargi, ko da labarin ba bazawara a ciki. Watan jiya, da aka bayyana cewa limamin coci ne ya zuba guba, ya dafe ƙirji ya ce, "Fada? Ban taɓa zato ba!" Matarsa ta ce, "Baban Atieno, haka ka ce bara." Ya ce, "To bara ma ai ban zata ba." Allah Ya ba mu mantuwa don Ya sabunta mana tsofaffin kaya. Wa zai raina wannan baiwa?

Akwai kuma abin da ba na dariya ba. Kaset ɗin nan marigayi Mzee Gathogo ne ya naɗe su daga talabijin, ɗaya bayan ɗaya, shekara uku. Rubutun hannunsa ne a jikin kowanne. Mama Nyokabi ba ta ce komai ba, domin sakatariya ba ta ɗaukar ɓangare. Amma ni da nake zaune kusa da na'ura, ina ganin yadda take riƙe kaset ɗin mijinta kafin ta miƙo min. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu ga maganar ƙarshe, ku saurara da kunnen da ya fi ji. Kun san me ya sa ba na jefa takarda a hula? Na yi shekara bakwai a wata ƙaramar tasha da jirgi ke wucewa sau biyu a rana, ba abokin hira sai akuya da littattafan nan. Na haddace su kamar jadawalin jirgi. Ni ban manta ba. Shi ya sa ranar da kuka ba ni maɓalli kuka rantsar da ni cewa muddin ina kan wannan aiki ba zan buɗe baki ba. Na cika alkawari. Matata ta yi min fushin kwana uku a kan ko wani mai lambu ne ya yi kisan, ban faɗa mata ba.

To, in kun kai kaset sito, kun sauke ni daga aiki, rantsuwa kuma ta bi aiki. Zan koma ɗan ƙungiya kamar kowa, in zauna a layin gaba, kuma kun san tsoho da surutu. Labaran ba su canja ba, mai laifi bai canja ba. Misali, wanda Shugaba ya shirya mana ranar Asabar, na gawar da aka tsinta a ɗakin niƙa. Tun a minti na biyu, in kun ga wata ta shigo da kwandon... A'a, Bwana Kiprono, zauna, ban ƙarasa ba. Ba kuma zan ƙarasa ba sai na ga yadda hannuwa suka tashi. Wannan ba barazana ba ce, sanarwa ce irin tamu ta tasha: jirgi na tafe, a matsa daga kan layi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ƙara wa Shugaba haƙuri, Ya yi wa 'yarsa albarka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu sauka. Allah Ya bar mana idanunmu, Ya bar mana gwiwoyinmu, Ya ba kowa basirar kaɗa ƙuri'ar da za ta riƙe min harshe. Mama Nyokabi, rubuta cewa minti biyar na yi.

Na gode.